Ƙarfen Da Ba Ya Shiga Maƙera

Kuɗin motar da na bar Jega da su na fartanya ne. Ana gab da damina na zauna a maƙerar Baba na yi ta ƙira har kanta ta fito mini a kan kanta, na kai kasuwa na sayar. Rabi, uwarki ce ta ƙara mini da ribar man gyaɗarta, ta ɗinke su duka a ƙugun wandona kamar mai ɗinkin laya. Ke lokacin haƙoranki na gaba sun zube, kai kuwa Nasiru kana goye, saboda haka ku daina yi mini murmushin nan na waɗanda suka san zance. Ku ajiye wayoyin nan ku saurara, caji ba zai gudu ba.

Baba bai hana ni tafiya ba, amma bai saki fuska ba. Ina da shekara talatin da ɗaya, da mata da 'ya'ya biyu, amma a wurinsa ni mai zuga ne har gobe. Ban taɓa haɗa ƙarfe biyu ya bari ya fita daga maƙera bai karɓa ya sake bugawa ba. Ranar da zan tafi abin da ya ce kawai shi ne, ɗan maƙeri in ya bar wuta, to ya dawo da sana'ar da za a nuna wa mutane. Maganar nan ta zauna mini a ƙirji shekara biyar, ko tuwo nake ci ina jin ta.

Niyyata Kumasi ce, wai in koyi walda. Muka bi ta Kamba, muka ratsa Benin da Togo, duk shingen da aka tsaya sai in zagaya bayan mota in farke ɗinkin uwarki kaɗan. Kafin mu wuce Yendi wandona ya koma wando kawai. A Tamale direba ya ce mai zuwa Kumasi ya sake biya, ni kuwa na sauko da jakata na ce da ma garin nan nake so.

Abin da ya fara ɗaure mini kai a Tamale mata ne a kan babur. Hajiya guda, da mayafinta da goyonta da tukunyar gas a baya, ta wuce ni fuu, har tana danna mini hon in kauce. Na biyu Hausarsu. Ana jin Hausa ko'ina a kasuwa, amma sun kori mace daga cikinta, kowa "shi" ne. Wata mai abinci ta ce mini uwarta "ya tafi Makka, ya dawo, yanzu shi ne babban Hajiya". Wake da shinkafar nan tamu sun sa mata suna "wace", tuwo kuma "tizet", su sayar maka da abinka da sunan da ba ka gane ba. Ni kuwa ba wanda ya tambayi sunana. Duk Bahaushen da ya fito daga gabas Abochi ne, wai aboki suke nufi. Shekara biyar ba a kira ni Mamman ba sai in na buga waya gida.

Na samu ɗaki a unguwar Kasalgu, a gidan wani dattijon Dagwamba, Mba Yakubu, mai zabi da yawa da rediyo ɗaya. Aka koya mini cewa in an gaishe ka da yarensu ka rusuna ka ce "Naa", duk abin da aka ƙara ka sake cewa "Naa". Na riƙe wannan da ƙarfi. Sati na biyu ya tare ni da safe ya yi dogon jawabi, ina rusune ina ta "Naa, Naa", ashe tambayata yake ko ni ne ke zubar da ruwan wanka a ƙofar ɗakin matarsa. Na amsa laifin sau shida kafin a samu wanda ya fassara mini.

Aikin da baƙo ke samu ba tare da an tambayi ubansa ba shi ne jari-bola, su kuma "kwandam" suke ce masa. Ka tura baro unguwa-unguwa kana ihun "kwandam, kwandam", a fito maka da mataccen talabijin, da fanka, da cajar da ta ƙone. Da yamma ka fasa su, ka cire jar waya da alminiyom da ƙarfe, ka kai wa mai sikeli. To, a cikin kayan nan ina ta cin karo da wasu baƙaƙen abubuwa da aka nannaɗe da waya. Wani kamar zobe, wani kamar 'yar sanda, wani kamar mataji mai haƙori uku. Na sa mayen ƙarfe, ya kama su caraf. Na ce to ƙarfe ne, kuma mai kyau, tunda ba ya tsatsa. Na ga sauran 'yan kwandam suna watsar da su a bola, na ce a raina ba laifinsu ba ne, ba 'ya'yan maƙera ba ne. Wata uku ina tarawa, kowane iri a ledarsa, har buhu ya cika.

Mai sikeli ya buɗe buhun ya leƙa, ya kira maƙwabcinsa shi ma ya zo ya leƙa, suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ya ce wannan ba ƙarfe ba ne, ko kyauta ba ya so. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da aka haifa a gindin uwar maƙera, wani mai sikeli ne zai gaya mini abin da ake ce wa ƙarfe? Na saɓa buhuna na dawo gida, na ari murhun gawayin matar Mba Yakubu, na sa sanda ɗaya a wuta na yi ta fifita. Na ciro ta na ɗora a kan dutse, na ba ta guduma ɗaya mara nauyi, irin wadda Baba ke ce wa gaisuwa. Abu ya tarwatse kamar an buga tulu da ƙasa. Ɓarɓashi ɗaya ya faɗa tukunyar miya, wani ya samu zabuwa a baya, ta tashi sama da kuka, sauran suka bi ta, gida ya kaure.

Mba Yakubu ya fito da Hausarsa ta kasuwa.

"Abochi, kai yana yi magani a gidana?"

"Ba magani ba ne, Mba, ƙira ce."

"Ƙira na miya? Ƙira na zabo?"

"Gwaji nake yi."

"Gobe ka gwada a gidan ubanka. Wannan buhu, ko shi ya fita ko kai ya fita."

Buhu ya fita. Amma ba faɗan ne ya dame ni ba. Abu ne mayen ƙarfe ya ce ƙarfe ne, guduma ta ce tukunya ce, ni kuma ko sunansa ban sani ba.

Washegari ina tura baro a unguwar Choggu da buhun a kai, zan kai bola, sai wata mata ta kira ni daga wani shago da ke cike da matattun na'urori. 'Yar kudu ce, Kirista, gajeriya, da tabarau a goshi da abin narka dalma a hannu. Sunanta Madam Efua, gyaran inbata da akwatunan sola da caja take yi. Ta sa na sauke buhun, ta durƙusa tana kwance ledojin ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaga kowane abu tana duba ko ya tsage. Ta ce wa ya ware su haka, zobe da zobe, sanda da sanda? Na ce ni. Ta dubi hannuwana ta ce gobe in bar baro a gida in zo.

Ita ta gaya mini sunansa, ferait. Ni farayi na yi ta ce masa har wata biyu, tana gyara mini ina sake ɓatawa, daga baya ta haƙura. Ta ce garin tsatsar ƙarfe ne ake haɗawa da garin wasu ma'adinai, a matse a mazubi, a gasa a wuta kamar yadda matan garinmu ke gasa tukwane. Shi ya sa mayen ƙarfe ke kama shi, shi ya sa kuma yake fashewa. Ta ce masana na kiransa mai taushi, ba don yatsa na lotsa shi ba, sai don ba ya riƙo. In wuta ta bi wayar da aka naɗa masa ya zama maye nan take, in ta ɗauke ya saki nan take. A cikin caja wutar tana kai da komo sau dubbai kafin ka ƙifta ido. Ƙarfen maƙerarmu in aka yi masa wannan wasan zafi zai ɗauka har ya gasa masara, shi kuwa wannan wuta ba ta yawo a jikinsa sosai, sai ya zauna lafiya. Dalili ke nan da cajar wayarka, Nasiru, take shiga aljihu, ba ta kai girman bulo ba. Sandar da na farfasa kuwa ta cikin rediyo ce, ita ke kamo tasha. Shi ya sa Mba Yakubu ke juya rediyonsa gabas da yamma kafin ya ji labarai, yana cewa rediyon ne ke da taurin kai.

Ƙullutun nan da kuke gani a jikin wayar kwamfuta ma shi ne a ciki, zobe ne kawai, yana tace hayaniyar da ke bin waya. Akwai wani ma'aikacin ofis da ya taɓa zuwa shagon, ya yanke nasa da reza ya naɗo a hankici, wai an gaya masa da shi ake sauraron sirrin mutane. Madam ta fasa robar a gabansa, ta ɗora masa zoben a tafin hannu ta ce ya gaishe shi ya ji ko zai amsa. Mutumin ya tafi bai yi sallama ba.

Aikina naɗi ne. In ƙaramar taransifoma ta ƙone, in warware wayar ina ƙirga zagaye, in sake naɗa sabuwa daidai yadda na tarar. Hannun maƙeri bai san rawa ba, naɗina yakan kwanta kamar kitso, Madam har nuna wa mutane take yi. Amma haɗa ɓari biyu na ferait ɗin a rufe naɗin a tsakiya, wannan ita ke yi da kanta a teburinta, ta juya mini baya. Na ce a raina, na gudu daga Baba na faɗa hannun Baba mai siket.

Faɗa kuwa kullum. In na makara ta ce agogon Najeriya ne a hannuna. In na tashi sallah ta ce in roƙa mata Allah ya raba ta da "dumso", wato ɗauke wutar da ake yi musu. Ranar da wani zobe ya suɓuce mini ya rabu biyu, na ce ta ba ni in kai wa mai walda.

"Abochi, in kofi na shayi ya fashe, kai yana kai shi walda?"

"Ai wannan ba kofi ba ne, Madam."

"Ɗan'uwan kofi ne. Uwa ɗaya."

Amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, ita ce ta hau babur har Kasalgu da kwanon miya mai yajin da ya tashe ni zaune don azaba. Ina ƙaunar matar nan, har yanzu ina yi mata fatan alheri.

A can, in mai koyon sana'a ya ƙware ana yi masa abin da suke kira "firidom". A tara mutane, a zazzage maka farar hoda a ka har ka koma kamar an ciro ka daga buhun fulawa, a ba ka takarda mai hatimi cewa ka iya, ka je ka buɗe naka. Takardar nan nake so, ita zan ajiye a gaban Baba. A shekara ta huɗu Madam ta ce lokaci ya yi. Za ta je kudu jana'izar kawunta, wanda ya rasu watanni da suka wuce, suna ajiye da shi a sanyi ana jiran 'yan'uwan da ke Turai. Kada ku yi dariya, al'adarsu ce. Kwana huɗu za ta yi. Ta bar mini shago da aiki guda ɗaya, ta ce in ta dawo ta tarar yana tafiya daidai, sati mai zuwa a sayo hoda.

Aikin na Goggo Adama ne, wata Bafulatana da ke ruga a bayan Jisonayili, mai nono da cukun nan da suke kira wagashi. Saniya ta sayar ta sayi firji da farantin sola da batir, malaman makaranta da ma'aikata suna bin ta har gida saboda nononta ba ya lalacewa. Akwatin da ke karɓar wutar rana ya zuba wa batir shi ne ya samu matsala, ruwa ya shige shi, naɗin ciki ya ƙone. Madam ta riga ta canja sauran abin da ya mutu. Tana ɗaura jaka a babur ta ce, "Abochi, ka naɗa, ka rufe kamar yadda ka same shi. Kamar yadda ka same shi, ka ji?" Na ce na ji, har ina jin haushin maimaitawar.

Na naɗa waya, ta kwanta luf. Na ɗauko ɓari biyun nan masu ƙafa uku zan haɗa, sai na ga wata 'yar takarda, siririya kamar ɓawon albasa, manne a kan ƙafafun gefe. Na ce ka ga aikin masu gaggawa, sun bar datti a cikin haɗi. Na kankare ta da farce na hure. A gidanmu haɗin da aka bar wani abu a tsakaninsa abin kunya ne, mari ake sha a kansa. Na matse, na ɗaure, na rufe akwati, na hau yalo-yalo, wato kekensu na haya mai ƙafa uku, sai ruga.

Goggo Adama Hausarta ta fi ta kowa a garin, bakinta kuma ya fi Hausarta kaifi. Ta tambaya ina Madam, na ce yau ni ne Madam. Ta ce to Allah ya sa, domin gata akwai suna a gidan wani hedimasta, ita za ta kai nono da wagashi, ta riga ta fara tarawa, batir kuma ya kusa ƙarewa. Na jona waya, 'yar fitila ta kawo kore, na zauna a tabarma aka kawo mini fura a ƙwarya. Ina sha ina ba mutanen gidan labarin yadda ake matse tsatsa a gasa, kamar ni na ƙirƙiro abin. Rana ta take tsaka. Sai na ji akwati ya fara wani siririn kuka irin na sauro, sannan wari, sannan tas, hayaƙi ya fito ta gefe.

Goggo ta dubi hayaƙin, ta dube ni. "Ɗan nan, haka yake yi in ya warke?"

Na ce gwajin farko ne, da ma akan yi haka. Ƙarya nake. Na kwance akwati na dawo shago. Abubuwan da suka fashe taransisto ne, wasu ƙananan abubuwa da ke buɗe wa wuta hanya su rufe. Na san inda Madam ke ɓoye sababbi, a gwangwanin madara, kuma saura kaɗan. Na canja. Sannan na zauna tunanin abin da ya jawo, a nan ne jinin gidanmu ya gama da ni. Na ɗaga haɗin na duba ta wajen ƙofa, sai na ga haske yana wucewa ta tsakiya. Ƙafar tsakiya ba ta kai na gefe tsawo ba, da kamar kaurin farce. Na ce alhamdu lillahi, ga cutar nan. Masu kamfani sun yi ha'inci, sun sayar wa mutane gurgun kaya.

Washegari na sayo dutsen washi a kasuwa, na zuba ruwa, na yi ta goga ƙafafun gefe a hankali, tun hantsi har la'asar. Ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba a rayuwata, kuma da gaske nake faɗa. Da na haɗa su ko gashi ba zai shiga ba, in za ka raba sai ka ji suna riƙe juna. Har na ji ina ma Baba na kusa ya gani.

Gari na wayewa na mayar da akwati ruga, wannan karon bai ma jira rana ta take ba. Na jona, ya yi ƙara ɗaya, Goggo ko ƙwaryar fura ba ta kai ga ɗaukowa ba. Batir ya ƙare tun jiya, firji ya yi shiru, nonon suna yana ciki. Ba ta yi mini ihu ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ce saniya ta sayar ta sayi sanyin nan, kuma ta yi wa hedimasta alkawari, in nono ya lalace ba ta da fuskar sake bin hanyar makarantar. Sannan ta ce tunda ni ne Madam, to ni ne kuma firji.

Haka na zama firji. Na ari keken Mba Yakubu, bayan na zuba "Naa" ta fi ashirin, na riƙa sayo ƙanƙara a cikin gari ina naɗewa a buhu da dusar katako, in taka har ruga ruwa na ɗiga a bayana, in jera a firji in juyo. Sawu nawa na yi ban sani ba, na dai san karnukan hanyar sun daina yi mini haushi. Nono ya kai ranar suna lafiya. Ni na ɗauki ƙwaryar wagashi a ka na bi Goggo har gidan hedimasta, mata na tambayarta ko sabon makiyayi ta ɗauka.

Ranar da Madam za ta dawo na shirya ƙarya iri uku. Tsawa ce ta faɗa, ko Goggo ta jona abin da ya fi ƙarfin akwatin, ko wani a ruga ya taɓa. Ta shigo da baƙin zanen makoki, ko zama ba ta yi ba ta ga akwatin a tebur. Ta girgiza gwangwanin madara ta ji shiru. Ta buɗe akwatin, ta zaro ɓari biyun, ta raba su, ta shafa fuskarsu da yatsa. Ta daɗe tana shafawa.

"Abochi, wanene ya yi wannan?"

"Ni ne, Madam." Duk ƙaryar nan uku ta gudu, saboda ko a lokacin, wallahi, ina ɗan jin daɗin an lura da aikin.

"Ina takarda?"

"Dattin? Na cire."

"Ina rami na tsakiya?"

"Na gyara."

Ta zauna a kujera ta cire tabarau, ta yi dariya har da hawaye, irin wadda ba ta samu damar yi a wurin jana'iza ba. Da ta gama ta ce aikin ya yi kyau, tunda take sana'ar nan ba ta ga wanda ya lalata abu da kyau haka ba. Sannan ta yi mini bayani. Ta ce ferait yana da cikinsa, akwai iyakar mayen da yake iya ɗauka. In ya ƙoshi sai ya daina tare wuta, ta kwararo ba mai riƙe ta, ta kashe taransisto. Wasu ana haɗa su a matse, gaskiya ne, amma irin wannan da ke ɗibar wuta ya riƙe sannan ya zuba, da gangan ake bar masa 'yar tazara don kada ya yi saurin ƙoshi. Masu kamfani aunawa suka yi suka rage ƙafar tsakiya, takardar ma auna ta aka yi. Ni na zo na toshe masa hanci har sau biyu.

Na ce to me ya sa ba ta taɓa gaya mini ba. Ta ce shekara huɗu tana juya mini baya tana jira in zagayo in tambayi abin da take yi, ban zagayo ba, saboda ina ganin haɗi ai a gidanmu aka haife shi. Wannan maganar ta fi dariyar zafi, domin gaskiya ce.

Ta yanko takarda, ta auna da wata na'ura, ta ƙara, ta rage, ta saka. Ta aika aka kawo taransisto daga Kumasi. Akwatin yana nan yana aiki har na bar garin. Hoda kuwa ba a saya ba. Ta ce sai baɗi, kuma a shekarar nan ba zan naɗa ko waya ɗaya ba, haɗi kawai zan yi, kowanne in auna in faɗi dalili. Na buga waya gida na ce wa uwarki aiki ne ya yi yawa, ba za a iya sakina bana ba. Ban yi kuka ba, amma kwana biyu tizet bai shiga ba.

Shekara ta zagayo aka yi firidom. Goggo Adama ce ta fi kowa zazzaga mini hoda, ina jin ramuwa take yi. Na dawo Jega da takarda, da akwatin kayan aiki, da ledar ferait da Madam ta zaɓar mini da hannunta, na kama shagon nan da kuke zaune a ciki.

Na ajiye takardar a gaban Baba. Bai yi boko ba, ya juya ta gaba da baya ya ajiye, ya ce in nuna masa aikin hannu. Na kawo masa haɗi uku, na farko da na yi a shagon nan, na wasu masu sola a kasuwa. Ya jujjuya su. Ya ce in bar su nan in je in gaida 'yan'uwa, an daɗe ba a gan ni ba. Na dawo da la'asar na tarar da shi zaune a maƙera, da dutsen washi da kwanon ruwa. Ya kwance su duka, takardun suna ƙasa cikin toka. Shi ko guduma bai ɗauka ba, yana taɓawa ya san ba abin wuta ba ne. Ya goge ƙafafun sun yi sumul, ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba.

Ya miƙo mini, ya rage murya don kada masu wucewa su ji. "Naɗinka ya yi kyau, Mamman, ban taɓa ganin irinsa ba. Haɗin ne da saura. Na gyara maka, ba wanda ya gani. Duk wanda ka yi, ka riƙa kawo mini kafin ka ba masu shi."

Shekara talatin da shida ina jiran ya ce wani abu nawa ya yi kyau. Na buɗe baki zan yi masa bayanin ƙoshi da tazara, duk abin da na sha wuyar shekara guda kafin in koya, sai na ga hannunsa, baƙin ruwan washi har gwiwar hannu. Maƙerar ta yi wata biyu ba a hura mata wuta ba, ba mai kawo masa aiki. Na ce na gode, Baba. Na kwashe su na kawo shago na yanka sabuwar takarda.

Shuɗin kwanon nan da kuke ta tambayata me ya sa nake tara ferait ɗin tsofaffin talabijin a ciki alhali ba mai nema, to nasa ne. Kullum bayan azahar yakan zo ya goge biyu, ya tafi majalisa ya gaya wa tsofaffi cewa shi ke ƙarasa wa ɗansa aikin Gana. Duk wanda ya gaya masa gaskiya a cikinku, ni da shi ne. Ga shi can ma ya ɓullo ta wajen mahauta da dutsensa a hammata. Rabi, kwashe na kan tebur ki sa a akwati ki kulle. Nasiru, miƙo kwanon, ka shimfiɗa wa kakanka buzu.